Ɗiyar Ɗahiru a Takarda

Masu karatu, wasunku sun rubuto suna ba ni shawara in rage zafi, wai budurwa mai fushi ba ta farin jini. Na gode. Ku karanta na yau tukuna. Wanda ya ga wurin da ya kamata in yi murmushi ya nuna mini, sai in koma in yi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Ummuhani, shekarata ashirin da uku, 'yar Cadawa ce ni, ina shekarar ƙarshe a sashen noma na jami'a a Yamai. Bincikena a kan ƙasa yake, ƙasar gona, irin tamu da ake noman aya. Wanda bai taɓa ganin cirar aya ba, ga yadda take: a ƙone ganyen, a tone gonar kaf, a tankaɗe ƙasar da rariya kamar garin tuwo. Aya ta zauna a rariya, ƙasa mai albarka ta bi iska ta tafi gonar wani. Shekara uku ke nan ina ɗura ƙasar gonarmu a leda ina kaiwa Yamai, 'yan tasha suna ɗaga jakata suna tambaya ko fataucin duwatsu nake yi.

A bayan ɗakin karatu na jami'armu akwai wani ɗan buro, wato ofis, na hulɗa da jami'o'in waje. Yawancin ɗalibai ba su san da shi ba, ƙafarsu ta fi sanin hanyar resto, inda ake cin abinci. Ni ma ba don hankali na san shi ba. Yana jikin ɗakin intanet ne, inda ake rubuta suna tun safe a jira a sami awa ɗaya a gaban na'ura, kuma mai jira duk abin da ya gani a bango karantawa yake yi. A bangon nan na ga sanarwar: wata goma a Maroko, a ɗakin gwajin ƙasa na wata jami'a, da wurin kwana, da kuɗin jirgi. Mutum uku za a ɗauka.

Madam Fadila ce ke riƙe da buron. Doguwa, ga tabarau a kan goshi, ga jan biro da ba ta ajiyewa ko waya take amsawa. Sau bakwai na rubuta wasiƙar neman gurbin, sau shida ta maido mini ita ja wur kamar an yanka kaza a kai. Ranar Litinin ɗin da ta wuce ta aika aka kira ni daga aji.

"Ummuhani Ɗahiru, kin samu."

Na dafa bango.

"Kar ki sume mini a nan, ba ni da ruwa. Talata ta sama, sha biyun rana, nake rufe ambulan. Ina son ganin rasit ɗin fasfo a ciki. Ba rasit, na huɗu ya ɗauki gurbinki, kuma yana nan yana leƙo ni kullum kamar na ci masa abinci."

"Me ake nema a yi fasfo, Madam?"

"Takardar haihuwa ta asali, da takardar ɗan ƙasa. Suna ina?"

"Ta haihuwa tana gida, ɗayar sai na je can an yi."

"To me kike yi a burona?"

Kun ji ta ce Ummuhani Ɗahiru. A nan matsalar take, don Ɗahiru ba mahaifina ba ne. Mahaifina Malam Mumuni, kuma ni ce 'yar farinsa. A gidanmu har yau ana riƙe da kunyar ɗan fari yadda kakanni suka bari, ba a rage ko ƙwaya ba. Uba ba ya kiran sunan 'yar farinsa, ba ya ɗaukarta a gaban mutane, ba ya shiga maganarta. Uwa ma haka. Da aka zo sa ni lakol, makarantar boko, aka ce sai an je gaban alƙali an yo takardar haihuwa. Malam ya tsaya gaban mutane ya buɗe baki ya ce "wannan ɗiyata ce"? Gara ƙasa ta tsage. Sai ya tura ƙanensa, Baba Ɗahiru. Aka tambaye shi sunan uban yarinya, ya ba da nasa. A al'ada bai yi ƙarya ba, ɗiyar wa ɗiyar ƙane ce. Tun daga ranar nake Ummuhani Ɗahiru, a rajistar aji, a takardar bak ta gama sakandare, a katin jami'a. Takardun asalin kuma suna cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Baba Ɗahiru, tare da takardun gona da na babur.

Kafin in kama hanya na tura wa Hamisu mesaj. Mushe Hamisu, kamar yadda muke kiran ma'aikaci ɗan boko, malamin firamare a garinmu, shekara biyu yana zuwa zance wurina. Ba zan ɓoye muku ba, ina son sa. Mutum ne mai guga, ko gona za shi sai ya goge wando. Yana da rubutu mai kyau, irin na masu rubuta kwanan wata a allo, kuma da rubutun nan ya fara kama ni. A rana yakan turo mesaj uku don kawai ya ji ko na ci abinci. Na rubuta masa:

"Na samu! Maroko! Ina tafe Laraba ɗaukar takardu."

Ya yi awa biyu bai amsa ba. Sannan: "Barka. Allah ya sa alheri."

Na ce ko kati ne ya ƙare masa. Kun ga irin uzurin da mace ke ƙera wa namiji kyauta, ba tare da ya roƙa ba.

Laraba da la'asar bas ta sauke ni a bakin titin Cadawa, ƙafafuna sun kumbura, baƙar abayata ta koma ja. Ban yi taku goma ba mai ƙosai ta ɗaga murya:

"Ga konseye! Sannu da zuwa, konseye!"

Na waiga in ga wace babbar mace ce ta sauko a bayana. Ba kowa sai wani tsoho da akuya. Sai idona ya faɗa kan bangon mai shayi. Takarda ce mai launi, an liƙa da koko. Fuskoki goma sha biyu. Baba Ɗahiru a sama da babbar riga da hula mai tsini, maza goma a ƙarƙashinsa kowa ya ɗaure fuska kamar za a yi masa allura. A can ƙasa, kusurwar dama, ni. Hoton bikin 'yar ƙanwar Inna ne, ranar da na sa koriyar atamfa mai ganye da ɗaurin ɗankwalin da ya ci mini rabin awa. Mutum ɗaya kaɗai na ba wa hoton nan. Har na rubuta masa wani abu a baya, wanda ba zan maimaita muku ba.

Kun san shekarar da muke ciki. Sojoji sun ce za su miƙa mulki, kowane gari ya cika da masu ceton ƙasa. Zaɓen meri ke gaba, wato na ƙaramar hukuma, inda ake zaɓen konseye, kansiloli ke nan, kuma duk wanda ya taɓa sayar da buhu goma na aya ya gano cewa jama'a ce ta matsa masa ya fito.

Na shiga gida. Inna tana bakin murhu tana talge. Ba ta ɗago ba. Da tukunya ta yi magana, kamar yadda ta saba in da ni take.

"Mutum ya sauko daga mota ya tsaya tsakar gida kamar an dasa shi. Ga fura can a ƙwarya."

"Inna, kin ga hotona a bango?"

"Ni ina nake zuwa bango?"

"Kin sani ko ba ki sani ba?"

Ta juya muciya sau uku. "Mai ɗiya shi ya san abin da ya yi da ɗiyarshi."

Ban sha furar ba. Na wuce gidan Baba Ɗahiru, can bakin titi inda yake awon aya. Na same shi a rumfa kan kujerar roba, buhuna jere a bayansa, mutum biyar cikin masu fuskar bango zaune kan tabarma suna jiran shayi. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata. Ina da fushi, amma an yi mini tarbiyya, abin da ke ƙara mini fushin ke nan.

"A'a, ɗiyata! Ga 'yar halak! Yanzu muke maganarki. Kin ga hoto? An ce ke kika fi kowa fitowa."

"Na gani, Baba. Takarduna na zo karɓa. Ta haihuwa, da kuma taka, in kai a yi mini ta ɗan ƙasa."

"Ta ɗan ƙasa? Ai an yi miki! Kwana huɗu aka yi ta fito. Ke kina can kina karatu, mu muna nan muna yi miki hidima."

Zuciyata ta ɗan sauka. "Alhamdu lillahi. Tana ina?"

"Tana Agye, cikin dosiye."

"Wane dosiye?"

"Na takara mana, ƙunshin takardun da muka kai wa masu zaɓe. Dokar yanzu ta ce jerin 'yan takara ba ya shiga sai da mace a ciki. Muka zauna, muka duba, mace mai takardu, mai bak, wadda in an yi taro da nasara za ta iya mayar masa da magana. Wasu har Gazawa suka je neman aro. Na ce mu da muke da tamu a gida?"

Wani mai jan rawani ya ce, "Wallahi Alhaji ya yi hangen nesa."

"Baba, ba a tambaye ni ba."

"Tambaya? Da na kai ki lakol na tambaye ki?"

Suka yi dariya, har da mai hura gawayi. Na bari suka gama, sannan na gaya masa maganar Maroko, da Talata, da sha biyun rana. Ya saurara yana kaɗa ƙafa.

"To me za a koya miki can?"

"Gwajin ƙasa."

"Wace ƙasa?"

"Ta gona, Baba."

Ya dubi mutanensa. "Kun ji. Wagga da muke takawa. Sai an hau jirgi an ƙetare hamada a koyo ta." Ya juyo gare ni, ya sassauta murya irin ta mai lallashin yaro ya sha magani. "Maroko ba tashi za ta yi ba, ɗiyata. Baɗi tana nan. A yi zaɓe, ki shiga meri, bayan salla a ɗaura da Mushe tunda kuna son juna. Konseye a ɗaka, malami a waje. Wace ɗiya ce a garin nan aka yi wa haka?"

"Gurbin ba ya jiran baɗi."

"To ya tafi. Takarda kuma ba ta fita sai bayan zaɓe, haka suka ce. Tashi ki je ki huta, kin sha hanya."

Daga nan na koma gida, na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na je har inda Malam yake zama a gindin bedi, itacen dogon yaro, bayan la'asar, yana tufka igiya, rediyo a gefen buzunsa. Na durƙusa can nesa, na karkata fuska, na zayyana masa komai. Na ce shekara uku nake nema. Na ce mutum uku aka ɗauka a duk jami'a. Na ce in ya yi wa ƙanensa magana ɗaya tak, zai ji.

Hannunsa bai daina tufka ba. Da na gama, ya miƙa hannu ya rage muryar rediyo, na ce yau za a yi abin mamaki. Ya dubi igiyar.

"Maganar Ɗahiru ce."

Ya maido muryar rediyo.

Masu karatu, mutumin nan shi ya sayar da bijiminsa shekarar da na ci bak, ya ba Baba Ɗahiru kuɗin ya ce ya ba ni a matsayin daga gare shi. Na sani, kowa ya sani, kuma duk muna yin kamar ba mu sani ba. Ba ƙina yake yi ba. Da ƙina yake yi da na san inda zan ajiye fushina. Kunya ce, kunya mai tsabta, wadda ake yabon gidanmu da ita har Gidan Rumji. Ga shi za ta cinye mini wata goma a ɗakin gwaji, tana sunkuyar da kai.

Na shiga ɗaki na ɗauko salula, na kira Hamisu.

"Ka zo yanzu."

"Ina taron jam'iyya, Hanina. Bayan magariba?"

"Yanzu. Kuma kar ka ƙara ce mini Hanina."

Minti goma na ji babur ɗinsa. Ya shigo zaure da shadda ruwan toka, guga har tana yanka, turarensa ya riga shi sallama. Ya kawo mini lemu a leda. Na bar shi riƙe da ledar.

"Wa ya ba su hotona?"

"Ummuhani, ki zauna mu yi magana ta hankali."

"Wa ya haɗa dosiyen?"

"Ni ne sakatare, dole ta hannuna zai bi."

"Mushe, kai ɗan boko ne. Shekara nawa kana haɗa wa 'yan aji shida takardun jarrabawa? Fotokofi ake kaiwa meri a buga hatimi, ita ake sawa a dosiye, a bar ta asali a gida. Baba Ɗahiru bai sani ba, na yarda. Kai fa?"

Ya dubi lemun kamar amsar na cikin ledar.

"Lokaci ne ya ƙure."

"Ka sami lokacin kai hoto Maradi a buga shi da launi."

Kaza ta shigo zauren, ta dube mu, ta fita.

"Tun watan jiya kike maganar Marokon nan," ya ce a hankali. "Kowane mesaj Maroko. Na san za ki samu, ke ba ki neman abu ki rasa. Kuma na ga waɗanda suka tafi. Wata goma ake cewa, sai ya zama shekara biyu, sai a ji an yi dokta. Ki dawo ki same ni ina koya wa yara ba, be, bi, da alli a gashin baki? Na ji tsoro, Ummuhani. Wallahi so ne ya sa."

"So ne ya sa ka kulle mini takardu a Agye."

"Ban ce na kyauta ba."

"Ba ka kyauta ba? Wanda ya taka wa mutum ƙafa a kasuwa shi ne bai kyauta ba."

Na tambaye shi yadda ake fitar da takarda daga dosiye. Ya yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya faɗa: sai in ɗan takara ya janye da kansa. Kuma ranar canza suna ta wuce tun Asabar. In na janye, ba mace a jerin. In ba mace, jerin gaba ɗaya ya faɗi, da Baba Ɗahiru, da mutum goma, da hulunansu.

"Kin ga ba abin wasa ba ne," in ji shi. "Mutane sun yi wata biyu suna yawo ƙauye-ƙauye. Alhaji ya yanka raguna. Garin nan ba za ki sake shiga shi da daɗi ba. Ki dubi Inna."

"Gobe ƙarfe bakwai ka zo ka kai ni Agye."

"Ni? Ni zan ɗauke ki in kai ki ki rusa mu?"

"Ko ka kai ni, ko in hau mota in je ni kaɗai. In ni kaɗai na je, ban san abin da bakina zai faɗa ba in aka tambaye ni wa ya sa mini hannu."

Ƙarfe bakwai saura yana ƙofar gida. Na sa atamfata ruwan ƙasa da farin mayafi, ba jan baki, ba kwalli. Na zauna a bayan babur ɗin, na bar tazarar da akuya za ta iya kwanciya tsakaninmu. Duk tsawon hanyar gonakin aya da aka tone suna wuce mu hagu da dama, tsirara kamar an yi musu aski.

Buron da ake ajiye takardun 'yan takara ɗaki ɗaya ne, da fanka mai ƙara da tebur cike da dosiye ɗaure da igiyar roba. Wani dattijo ne a wurin, Mushe Labo, an ɗaure ƙafar tabarau ɗinsa da zare. Ya saurare ni bai katse ni ba, ya lalubo namu, ya buɗe. Ga takardar haihuwata, ta yi ruwan ƙasa don tsufa, an naɗe ta huɗu. Ga ta ɗan ƙasa sabuwa fil, da hatimi. Hannuna har ya tafi da kansa. Ya dafe su.

"Tsaya, ɗiyata. Akwai tambaya." Ya zaro wata takarda ya juyo ta gare ni. "Wannan ita ce ta amincewa da takara. Wannan sa hannunki ne?"

Na duba. An rubuta sunana da kyau, harafin farko ya yi ciki kamar tulu, wutsiyar na ƙarshe ta lanƙwasa ta koma ƙarƙashi. Ina da wasiƙun Hamisu goma sha wani abu a akwatina da suka fara da wannan tulun.

"Ki yi tunani kafin ki amsa," in ji Mushe Labo. "In kika ce naki ne, kina da ikon janyewa, ki rubuta wasiƙa, in ba ki takardunki. In kika ce ba naki ba ne, ya fi ƙarfin teburina. Sai in kira jandarma, dosiyen ya zama shaida, mai rubutun kuma ya yi bayani can."

Na waiga. Hamisu yana tsaye jikin ƙofa, gumi ya ɓata gugar tun daga wuya har ciki. Malamin gwamnati da sa hannun jabu, ko ni da ba lauya ba na san inda aikin nasa zai kwana. Salulata ta fara kuka a jaka. Baba Ɗahiru. Wani ya gan mu a hanya ke nan. Na bar ta ta yi ta gaji, ta sake farawa.

"Nawa ne," na ce.

Mushe Labo ya dube ni ta saman tabarau, ya dubi Hamisu, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya turo mini farar takarda da biro.

Kada wata ta rubuto ta ce na burge ta. Ban yafe ba. Lissafi na yi: in dosiye ya zama shaida, takarduna sun kwana a jandarma har baɗi. Wannan ne dalilin da na ba kaina. Ko akwai wani a ƙarƙashinsa, ban tona ba, kuma ban ba ku izinin tonawa ba.

Na fara rubutu. Hamisu ya matso, murya ƙasa-ƙasa.

"Ummuhani, don girman Allah. Mutum goma sha ɗaya."

"Sha biyu muke a bango. Ka manta da ta kusurwa."

"Me zan ce musu?"

"Ka ce lokaci ne ya ƙure."

Mushe Labo ya karanta wasiƙar har ƙasa, ya gyara mini kwanan wata. "Kin san jerin ya faɗi ke nan?"

"Na sani, Baba."

"To." Ya buga hatimi, ƙarar ta fi ta fankar. Ya sa mini takardun biyu a ambulan, ya ce in riƙe da kyau, irin wannan tsohuwar in ta yage ba ta ɗinkuwa.

Na fito rana ta buɗe. Ina tsammanin zan ji daɗi. Abin da na ji kawai kukan salula, kira na tara.

A gindin bedin da ke gaban buron akwai benci. A kan bencin akwai wani mutum da farar riga da ta sha ƙura har gwiwa, keke jingine a gefensa. Malam. Mutumin da bai taɓa taka ƙofar buro ba a rayuwarsa, ko katin zaɓe sai dai a kawo masa gida. Daga Cadawa zuwa Agye a kan keke, da shekarunsa. Tun sallar asuba ya taso ke nan, kafin mu, ya bi ta gonaki, shi ya sa ba mu gan shi a titi ba. A bayan keken an ɗaure jakata ta Yamai da sabuwar igiya, an cusa ƙullin fura a gefe, ɗaurin Inna ne, na san shi.

Na tsaya cak. Bai dube ni ba. Ya dubi ambulan ɗin da ke hannuna, sau ɗaya, sannan ya kwance igiyar a natse, ya sauke jakar ya ajiye a ƙasa tsakaninsa da Hamisu.

"Mushe."

"Na'am, Baba." Hamisu ya zube har ƙasa.

"Ka gaya wa ɗiyar Ɗahiru akwai mota a tasha tana lodin Maradi. Kada ta sauka Cadawa. Ta wuce gidan gogonta a Maradi ta kwana, gobe ta kama ta Yamai."

Ina tsaye taku uku daga gare shi. Hamisu ya juyo, wallahi ya buɗe baki zai maimaita mini. Kallon da na yi masa ya sa ya rufe.

"Kai kuma," in ji Malam, yana naɗe igiyarsa, "ka tura babur ɗinka ka biyo ni a hankali. Kai za ka faɗa wa mutanen nan abin da ka rubuta, da bakinka, ina tsaye."

Ya hau keke. Ya yi tangaɗi sau ɗaya kafin ya daidaita. Na so in ce na gode, na so in yi ihu in ce jiya ina bakinka yake, na so ya juyo ko da kuskure. Ba ɗaya da ya faru. Na ɗauki jakata na nufi tasha.

Motar ta cika da wuri. A hanya muka wuce su, tsoho a kan keke yana taka feda a gefen kwalta, malami a bayansa kan babur yana tafiyar hawainiya, kansa a ƙasa. A yadda suke tafiya sai azahar ta gota kafin su isa.

Mu kuwa rabin awa muka shigo Cadawa. Direba ya rage gudu. Ta taga na hango rumfar Baba Ɗahiru, babura sun fi ashirin a ƙofa, mutane tsaitsaye ana ta ɗaga hannuwa. Wani ya riga ya yage kusurwar dama ta takardar bangon mai shayi. Sai na ga Baba Ɗahiru ya fito, ba hula, mutane a bayansa, sun miƙe lungun gidanmu. Gidan da ba kowa a cikinsa yanzu sai Inna da tukunyarta.

Direba ya leƙo ta madubi. "Akwai mai sauka Cadawa?"

Na danne ambulan ɗin a ƙirjina da hannu biyu. Matar da ke kusa da ni ta ƙura mini ido, ta dubi bangon, ta sake dubana.

"Ke ba ke ce konseye ba?"

"Direba," na ce, "wuce."